Buhu Goma na Tsohuwar Ƙasa

Ni ne na zuba tsohuwar ƙasa a buhunan tumatir ɗin Inna. Gara in faɗa tun daga farko, domin kafin gaskiya ta fito an ɗora wa iri laifi, an ɗora wa ruwan rijiyarmu, har kajin maƙwabta an zarga, bayin Allah da ba su taɓa tsallako katangarmu ba. Buhu goma sha huɗu aka ce in cika da sabuwar ƙasa. Na cika huɗu. Sauran goman na yi musu irin abin da nake yi wa aikin gida na lissafi: na kwafo na wani, na gyara samansa.

Gidanmu a Gwallameji yake, cikin sababbin gidajen nan da fentinsu bai gama bushewa ba. Tsakar gidan kuwa ba ƙasa ba ce, abin da magina suka bari ne: ɓaraguzan bulo, tsakuwa, guntayen ƙarfe. Ko ƙusa ka shuka a wurin sai ta yi yaushi. Shi ya sa Inna, mahaifiyata, take noma a cikin buhunan siminti. Ta jera su a gindin katanga, daga bakin rijiya har kusa da ƙofa, ta huda gindinsu, ta naɗe bakinsu. A ruga aka haife ta, ta tashi cikin shanu da gonar bayan gida, aure ne ya kawo ta birni. Ba ta taɓa cewa birni ya ishe ta ba. Amma in ka neme ta a ɗaki ka rasa, to tana can kan 'yar kujerarta a gaban buhunan, tana juya ganye ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba wa yaro kwarkwata.

A shekarar da ta gabaci abin nan, tumatir ɗin ya mutu. Ya tashi da kyau, ya yi fure, ya fara 'ya'ya, sai kawai ya soma sunkuyar da kai. 'Ya'yan da suka samu nuna ƙanana ne, yawancinsu suka ruɓe suka zube a cikin buhunan. Inna ta tumɓuke ɗaya ta duba, ta ga saiwar ta yi ƙululu a jere kamar carbi. Ta ce ciwon ba a ganye yake ba, a cikin ƙasa yake.

Baba kuma yana da mota, motar ba ta da wurin kwana sai ƙofar gida, inda rana take dafa ta yara suna rubuta sunayensu a jikinta da yatsa. Ya daɗe yana kallon gindin katangar nan irin kallon da nake yi wa nama a kwanon wani. Wata rana muna cin abincin rana ya fito da abin da ke ransa.

"Innar yara, kowane gida a layin nan an yi daɓen siminti an kafa rumfar mota. Mu kaɗai ne muke kiwon buhu."

"Buhun ya ci maka wani abu ne, Malam?"

"Ya ci min wuri mana. Shekara guda kina ba shi ruwa, ko miyar kwana biyu bai ba mu ba."

"Ƙasar ce ta kamu. Bana zan canja ta."

"To mu yi haka. In bana ya cika miki wancan daron, na bar miki wurin, ba zan sake magana ba. In bai cika ba, zan kira magini."

Inna ta dubi daron da ke kife a bakin rijiya. Babban daro ne, wanda ake wankin bargo a ciki. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ta yarda. Baba ya nuna ni da cokali ya ce ni ne shaida. Na ɗaga kai bakina cike da shinkafa na ce na shaida.

Da damina ta ɗauke, Inna ta yayyafa iri a tsohon faranti, ya tsiro, ya kai tsawon ɗan yatsa. Lokacin dashe ya yi. Ranar wata Asabar da safe ta kira ni. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ko da wasa. Abin da nake samu shi ne "kai wannan".

"Kai wannan, zo ka ji. Ka juye ƙasar buhunan nan duka a bayan gida. Kada ko cikin cokali ya dawo. Sannan ka ɗauki baro ka tafi garken kawunka. Na yi masa magana, ya ware mana tsohon taki da ƙasar gindin kuka. Ka cika su duka kafin in dawo."

Suna za ta je a Fadaman Mada, ba za ta dawo ba sai la'asar.

Juye ƙasar bai ba ni wahala ba. Na tara ta tsibi guda a bayan gida, na ɗauki baro na kama hanya ina waƙa. Garken Kawu, yayan Inna, yana can inda gidaje suka ƙare duwatsu suka fara. Mutane suna cewa ba nisa. Mutanen da ke faɗin haka ba su taɓa tura baron gidanmu ba. Tayarsa ba ta da iska tun kafin a haife ni, kuma yana da wani kuka da yake yi, ƙiii ƙiii, da ke sa karnuka su fito su ga wanda ake yankawa. Na isa, na gaishe da Kawu, ya loda min taki har ya yi tozo. A hanyar dawowa na tsaya hutawa sau ɗari. Na ga kakannina. Na tuba daga zunuban da ban ma yi ba tukuna.

Da na iso gida na juye, sai na ga buhu huɗu kawai ya cika, da ɗan ragowa a gindin baro. Na ƙirga buhunan da suka rage. Na sake ƙirgawa, ko wani zai ji tausayina ya ɓace. Goma ne. Ke nan saura tafiya uku, ga tafin hannuna ya yi bororo, ga kuma wasan da za a nuna a gidan kallon ƙwallo da ƙarfe uku, wanda na yi mako guda ina yi wa abokaina baki a kansa.

Na zaga bayan gida don in yi fitsari, sai na ga tsibin nan. Baƙa ce wuluk, ga laushi, ga ta a kusa. Na tsaya muna kallon juna. Na ce a raina, wai ƙasa ma tana tsufa ne? Duk ƙasar duniyar nan ai tun zamanin Annabi Adamu take. Wa ya taɓa ganin sabuwa? Cikin rabin awa na cika buhu goma. Na ɗebo ragowar takin Kawu na barbaɗa a saman kowanne, kamar mai sa yaji a tsire. Sauran tsibin na baje shi da shebur, na ja busasshen ganye na rufe.

Inna ba ta yarda da ido kaɗai. Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi buhunan. Ta damƙi ƙasa ta matse, ta buɗe hannu ta ga yadda ta warwatse, ta kai hanci ta shinshina. Allah ya taimake ni, ko kuma ya fara kama ni, ban sani ba: buhun farko da ta taɓa cikin na kirki ne, na biyun kuma sama-sama ta ɗiba.

"Ka ji ƙanshin gida," in ji ta. "Sannu, kai wannan. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

Washegari ta dasa, tsiro ɗaya a kowane buhu, a tsakiya cif. Kwana shida komai lafiya. Har na fara tunanin ko in rubuta littafi a kan noma. A rana ta bakwai, na dawo daga sallar asuba, na tsaya a bakin rijiya zan ja ruwan wanka, sai idona ya faɗa kan buhu na biyar. A gefen tsiron Inna akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa kore, kowanne da ganye biyu sirara, ya buɗe su kamar mai roƙon Allah. Na durƙusa. Na murza ɗaya na shinshina. Tumatir ne.

'Ya'yan baran nan da suka ruɓe suka zube, ashe irinsu yana nan kwance a cikin ƙasar, yana jiran ruwa kawai. Na duba buhu na shida, akwai. Na bakwai, akwai. Har na goma sha huɗu. Buhu huɗun farko kuwa tas suke, ko ɗigo babu. Ƙasar gindin kuka ba ta taɓa ganin tumatir ba, ina za ta samo shi? Duk wanda ya kalli layin nan zai karanta abin da na yi kamar an rubuta a allo.

Na tsige su duka, na cusa a aljihu.

Na ɗauka shi ke nan. Washegari sai ga wasu. Jibi ma haka. Kai, abin nan ba tsiro ba ne, runduna ce. In na tsige ashirin, arba'in za su zo jana'izarsu. Barcina ya lalace. Ni da sai an yayyafa min ruwa nake tashi, na koma ina riga ladan farkawa. Ana sallame salla nake fitowa da gudu, takalmi a hannu, don in riga Inna isa wurin, domin ita takan zauna lazimi har gari ya yi haske sosai. Minti goma sha biyar nake da su. In durƙusa, in bi buhu goma ɗaya bayan ɗaya, ina tsiga ina waige.

Sai kuma matsalar inda zan kai su. In na zubar a tsakar gida za ta gani. In na jefa a rijiya za su taso. Saboda haka aljihun wandon makaranta ya zama maƙabartarsu. Yatsuna suka koma kore, warin ganyen tumatir ya kama ni har sabulu ya sallama. Wanda muke zama benci ɗaya da shi ya ce in matsa, wai ina sa masa yunwa. A aji malami yana bayani a kan allo, ni kuwa ina lissafin ko nawa suka fito tun da na bar gida. Da an tashi, ba na tsayawa ƙwallo. Abokaina suka ce an yi min asiri.

Wata safiya ina tsaka da aiki na ji ƙarar ƙofar ɗakin Inna. Hannuna cike, wandon da ke jikina kuma ba shi da aljihu. Na watsa su a baki. Ban ba kowa shawarar ya gwada ba. Ɗaci ne da ƙaiƙayi da 'yar ƙasa-ƙasa, kamar ka tauna tsohuwar igiya.

"Me kake yi a nan da sassafe?"

Na haɗiye. Hawaye ya cika min ido. "Ciyawa nake cire miki, Inna."

Ta tsaya tana kallona. Na ce yau kam asirina ya tonu. Sai na ga fuskarta ta saki. Da rana na ji tana gaya wa Baba, da muryar da take tsammanin ba na ji, wai yaron nan ya fara hankali, kullum shi ke riga ta zuwa wurin shuka. Ranar nama biyu na samu a miya. Ban taɓa cin naman da ya ƙi wucewa kamar wannan ba. Amma na cinye, kada in yi ƙarya.

A Juma'a ta biyu Kawu ya shigo gari salla, ya biyo ta gidanmu da ƙwaryar nono. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, daidai gaban buhunan, don ya ga aikinta. Ni kuma na kawo ruwa.

"Yaya, mun gode da taki," in ji Inna. "Ka ga har buhu goma sha huɗu ya cika mana."

Kawu yana shan ruwa. Ya sauke kofin a hankali. Ya dubi buhunan daga farko har ƙarshe, ya dubi baron da ke jingine a katanga, sannan ya dube ni.

"Allah ya sa albarka," in ji shi. Bai ƙara ba.

Da zai tafi ya ce in raka shi bakin titi ya hau keke napep. Muna fita ya rataya sandarsa a kafaɗa, ya saƙale hannuwansa a kai, yana tafiya kamar ba abin da ya faru. Sai da muka wuce gida uku ya yi magana.

"Ɗan ƙanwata, baron nan naku haihuwa ya yi a hanya?"

"Kawu, wallahi tayar ce..."

"Ban tambaye ka taya ba. Sau nawa ka zo wurina?"

"Sau ɗaya."

"Sauran daga ina?"

Na gaya masa. Bai yi faɗa ba, dariya ma ya yi, har sandar tana rawa. Sannan ya daina.

"Ka ga, mu in saniya ta yi ciwo a wuri, muna ɗage garken ne gaba ɗaya, ba ma sake ɗaure wata a nan sai an daɗe. Ƙasar nan da ka mayar ba ta lalace ba. A baje ta a rana ta gasu, a haɗa da toka da taki, a sa mata albasa ko masara, za ta yi. Tumatir ne kawai ba za a mayar mata ba, shi da 'yan uwansa, su attaruhu da gauta. Abin da ya ci na bara yana nan a ciki da yunwarsa."

"To yanzu ya zan yi, Kawu?"

"Ka je ka gaya mata yau. Shukar tana da ƙuruciya, in an cire an wanke saiwar an canja mata ƙasa, wataƙila wasu su tsira. In ka bari ta yi fure, sai dai haƙuri. Ni ba zan faɗa mata ba, ba ni na zuba ba."

Na ce to. Na rantse zan faɗa. Kuma da niyyar faɗa na koma gida. Na tarar da ita tana kakkafa sanduna a buhunan tana 'yar waƙarta ta Fulatanci, wadda ban taɓa jin ta yi ba sai a wurin nan. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambaya ko akwai sauran nono. Na ce gobe. Gobe ta zo, Baba yana gida, na ce ba a gabansa ba. Jibi kuma ina da jarrabawa. Kullum da dalilina, kuma kowane dalili da ƙafafunsa da hularsa.

Na koma neman magani a ɓoye. Na kalli bidiyo a waya har idona ya yi ja. Wani ya ce toka, na kwashe tokar murhun mai ƙosan layinmu. Wani ya ce ruwan ganyen dalbejiya, na jiƙa a bokiti a bayan gida har ya yi warin da ya kori ƙadangaru. Na zuba ɓawon ƙwai. Na tofa addu'a a buhu na tara, don shi ya fi ba ni tsoro. Tsigar safe kuma ba ta tsaya ba.

A mako na biyar suka fara. Da rana tsaka sai goman nan su saki ganye, su langaɓe kamar 'yan aji bayan an ci tuwo. Da yamma su miƙe. Inna ta ƙara ruwa. Ta rage ruwa. Ta ce ko irin ne, ta ce ko rijiyar ce ta yi gishiri, ta ce ko kaji ne suke shigowa suna tona. Ta yi musu rumfa da tsohon zani. Huɗun farko kuwa suna tsaye ƙyam, kore shar, kamar an biya su su tona min asiri. Na ga tana tsayawa a tsakanin na huɗu da na biyar, ta dubi wannan, ta dubi wancan. A lokacin nakan tuna ina da aiki a wani wuri.

Wata yamma na ga Baba yana taka gindin katangar, daga rijiya zuwa ƙofa, yana ƙirga taku a hankali, hannu a baya kamar mai shan iska. Inna tana tankaɗe a ƙofar kicin. Ta gan shi. Ta ci gaba da tankaɗen, amma garin ya riga ya ƙare a rariyar.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Na sauro ne, irin mai sa ka ga silin yana juyawa. Kwana uku ban san inda kaina yake ba. A rana ta huɗu da hantsi na farka jikina ya yi sauƙi, na yi miƙa, na fara tunanin shayi. Sai abin ya faɗo min. Kwana huɗu ba wanda ya tsige.

Na fito da gudu ba riga. Inna tana zaune a kan 'yar kujerarta. Gindin buhu goman nan ya yi kore kamar an shimfiɗa darduma, ɗaruruwan 'yan tsiro, kowanne ya ɗaga hannu biyu yana ba da shaida. A cinyarta akwai tumatir ɗaya da ta tumɓuke daga buhu na tara. Saiwar ta yi ƙululun nan.

"Jiki da sauƙi?" in ji ta, ba ta juyo ba.

"Da sauƙi, Inna."

"Zo ka zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Wannan ce ciyawar da kake cire min?"

Na ce ita ce. Na faɗi komai, da baron, da ƙwallon, da barbaɗen saman, har da waɗanda na haɗiye. Ina jira ta ɗauko muciya. Da ta ɗauko da na ji daɗi.

"Kwana nawa kana wannan tsigar?"

"Wajen wata guda."

"Kullum da asuba."

"Kullum."

"Kai wannan," ta girgiza kai, "wahalar da ka sha wajen ɓoyewa, da garke ka kai ta, da ka kwaso shi duka har da shanun."

Na yi dariya don na ɗauka an gama. Ba ta yi ba. Tana ta murza saiwar nan a hannu.

"Kawunka ya sani?"

"Ya ce in faɗa miki. Tun Juma'ar da ya zo."

"Tun Juma'ar da ya zo," ta maimaita. Ta ƙirga a yatsunta, ta tsaya a na uku. "Da ka faɗa a ranar, da na cece su. Ƙasar ba ta ba ni haushi ba, yaro ne kai, ka gaji. Amma ka zauna kana kallona ina zargin rijiya."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta bar kujerar a wurin.

Ban tsaya shan shayin ba. Na sa riga na ja baro. Ranar sau uku na je garken Kawu, da jiri da komai, ƙiii ƙiii, har karnukan suka gaji suka daina fitowa. Kawu bai tambaye ni komai ba, lodi kawai yake yi, a zuwa na uku ya ba ni fura ya ce in zauna in sha kada in faɗi a hanya a ce shi ne. Na tara sabuwar ƙasa tsibi guda a tsakar gida. Na shiga na ce wa Inna ga ƙasa, a canja musu.

Ta fito ta duba. Ta ce sun yi fure, saiwar ta riga ta lalace, in an taɓa su yanzu mutuwa za su yi a ranar. Na ce to a sake sabon iri. Ta ce kafin ya tsiro ya isa dashe ya yi fure, zafi ya shigo, furen zubewa zai yi. Na ce to waɗannan ƙananan fa, ga su nan kyauta har sun yi yawa. Ta ce a cikin ciwon aka haife su. Duk ƙofar da na taɓa, ta riga ta san a rufe take.

Saura Baba. Na same shi da yamma a ƙofar gida yana goge gilashin mota. Na karɓi tsumman, abin da ban taɓa yi ba sai an aiko ni, na goge gilashin gaba, na goge na baya, na fara goge taya.

"Me ka fasa?" in ji shi.

Na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe. Da na zo wurin haɗiyewa sai ya juya baya, na ga kafaɗunsa suna motsi.

"To yanzu me kake so?"

"Baba, a ƙara mata shekara ɗaya. Ba ita ta faɗi ba, ni ne na kayar da ita. Alƙawarin ai da sabuwar ƙasa aka yi."

"Kai ne shaida, kai ne ɓarawo, yanzu kuma kai ne lauya?"

"Baba, don Allah."

"Na riga na yi magana da magini. Ya sayo yashi, ya sa rana bayan an cire amfanin. Ba zan ce wa mutum ya mayar da yashi ba saboda ɗana malalaci ne." Ya karɓi tsummansa. Ya kalli ƙofar gidan. "Huɗun nan na kirki, taku nawa suka ci?"

Na ruga na auna na dawo. "Biyar, Baba. In an haɗa da wurin kujerarta, shida."

"Ka ce biyar da farko."

"Takuna ne manya. Da naka shida ne."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in gama goge tayar tunda na fara.

Goman nan suka mutu ɗaya bayan ɗaya cikin mako biyu. Inna ta sa na tumɓuke su na ƙone, na baje ƙasarsu a bayan gida a rana, ina juya ta da shebur duk bayan kwana biyu. Huɗun suka yi 'ya'ya masu kyau, manya, amma duk abin da aka tsinka bai rufe rabin daron ba. Magini ya zo ranar wata Asabar ya yi daɓe, aka kafa rumfa, mota ta shigo. Baba ya sa an bar taku shida daga bakin rijiya. In an matse su, buhu biyar ne suke shiga wurin, da kujera. Bana uku tumatir ne a ƙasar da na kwaso, biyu kuma albasa ce a tsohuwar ƙasar.